Tarin Mai Kiwo, Ciwon Kyanwa: Yadda Cutar Mutum Ke Kutsawa Gidajen Dabbobi Marasa Galihu

Tun kafin a buɗe ƙofa ga baƙi, aiki ya riga ya kankama a gidajen da ake tara karnuka da kyanwoyi marasa masu su a biranen Turai da Amurka. Ma'aikaciya ɗaya ce za ta bi kejuna masu yawa a jere. Ta buɗe wannan, ta ɗaga kyanwar ta manna ta a ƙirji, ta share ciki, ta zuba abinci da ruwa, ta mayar da ita, ta wuce na gaba.

Idan ta kwana da mura da ciwon jiki, sau da yawa haka za ta daure ta fito. Dabbobi ba su san ranar hutu ba, masu aikin kuma ba su da yawa. Kafin hantsi, numfashinta da hannunta sun taɓa kusan kowace dabba da ke ɗakin.

An daɗe ana ganin wannan a matsayin ƙwazo da tausayi kawai. Abin da ya faru a Italiya lokacin annobar murar nan ta 2009, wadda aka riƙa kira murar aladu, ya nuna ɗaya gefen. A wani wuri da aka tara kyanwoyi kusan 90 a kejuna, ciwo ya ɓulla. Cikin kimanin mako biyu rabinsu sun daina cin abinci, suna fama da numfashi da ciwon ciki, har 25 suka mutu. Da aka binciki huhun biyu daga cikinsu, sai aka tarar da ƙwayar H1N1, wadda a lokacin take zagaya duniya a tsakanin mutane.

Mun saba jin gargaɗi kan cutar da dabba ke sa wa mutum. Wadda mutum ke sa wa dabba kuwa ba ta cika samun mai magana a kanta ba, alhali dabbar da ke cikin keji ba ta da hanyar kauce wa wanda ke ciyar da ita.

Gidan da ƙofarsa ba ta rufuwa

Irin waɗannan gidaje sun daɗe. Wanda ke Battersea a Landan an kafa shi tun 1860, a Amurka kuma wata ƙungiyar mata a Filadelfiya ce ta buɗe na farko a 1869. A yau karnuka da kyanwoyi wajen miliyan 6 ne ke shiga irin waɗannan gidaje kowace shekara a Amurka kaɗai.

Wasu a titi aka tsince su. Wasu masu su ne suka kawo su saboda talauci, ko tashi daga gidan haya, ko tsufa. Wasu kuma mai su ne ya kwanta a asibiti ko ya rasu, babu wanda zai riƙe. Za su zauna kwanaki ko watanni har a sami mai so ya ɗauka.

Mutane ma ba sa yankewa. Akwai ma'aikata, akwai likitoci, akwai 'yan sa-kai da ke zuwa fita da karnuka yawo, akwai iyalai da yaransu masu neman dabbar da za su ɗauka, suna shafa wannan suna rungumar wancan. Ana ma son a yi hakan, domin dabbar da ta saba da hannun mutum ita ke saurin samun gida. Matsalar ita ce duk wanda ya shigo, da abin da ke maƙogwaronsa ya shigo.

Ba kowace cuta ke tsallakawa ba

Kada a ɗauka duk atishawar da mutum ya yi kusa da kyanwa ta zama ciwo. Ƙwayar bairos ba ta iya rayuwa da kanta, sai ta shiga cikin ƙwayar halittar jiki ta hayayyafa. Shigar kuwa kamar makulli da kwaɗo take: idan makullin bairos bai dace da kwaɗon da ke jikin dabbar ba, ƙofa ba za ta buɗe ba.

Shi ya sa murar yau da kullum, mai yoyon hanci da ke wucewa cikin 'yan kwanaki, ba ta kama kare ko kyanwa. Haka ma tarin da karnuka ke sa wa juna a kejuna, da murar da ke damun kyanwoyi, galibi nasu ne. Kyanwoyi na da wata cuta mai karya garkuwar jiki, dangin ta mutane, amma ba ta kama mutum, ta mutum ma ba ta kama su.

Waɗanda ke tsallakawa 'yan kaɗan ne, sai dai suna da nauyi. Na gaba-gaba su ne mura mai tsanani ta infuluwenza da kuma korona. Akwai kuma ƙwayar da ke sa wa mutum ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi. A jikin mutum ƙaramin abu ce, amma idan ta shiga jikin zomo tana iya kai wa ƙwaƙwalwa ta kashe shi, haka take yi wa wasu ƙananan birai. Gidajen dabbobi da yawa a Turai suna karɓar zomaye, kuma sumbatar dabba al'ada ce a can.

Darasin 2009

Masana sun san tun 1933 cewa murar mutum na kama dabba. A shekarar ce masu bincike a Landan suka fara ware ƙwayar infuluwenza ta ɗan'adam, ta hanyar sa ta ga feret, wata 'yar dabba mai dogon jiki da gajerun ƙafafu da wasu Turawa ke kiwo a gida. Har gobe da ita ake gwajin mura, saboda tana kamuwa tana atishawa yadda mutum ke yi.

Amma sai a 2009 maganar ta fito daga ɗakin bincike ta shiga gidajen jama'a. A watan Oktoba aka sami feret da H1N1 a jihar Oregon ta Amurka, bayan mai ita ya yi jinya. A watan Nuwamba aka tabbatar da cutar a jikin wata kyanwa 'yar shekara 13 a jihar Iowa, inda biyu daga mutanen gidan suka fara kwanciya kafin ita. Ita ta warke, amma wata a Oregon ta mutu a watan. A Disamba aka sami kare mai ɗauke da ita a jihar Niyok.

Tsarin ɗaya ne a kusan duk labaran. Mutum ne ke fara kwanciya, dabbar ta zo ta naɗe kusa da shi, bayan 'yan kwanaki ita ma ta daina cin abinci.

Korona ta faɗaɗa maganar

Da korona ta zo, ba a jima ba aka ga irin wannan. A ƙarshen Fabrairun 2020 hukumomin Hong Kong suka sami alamar ƙwayar a jikin wani tsohon kare ɗan shekara 17, wanda mai shi ke jinya. A Maris aka sami kyanwa a Beljiyam. A farkon Afrilu aka tabbatar da cutar a jikin wata damisa mai suna Nadia a gidan namun daji na Bronx da ke Niyok bayan ta fara tari, aka gano daga mai kula da ita ta ɗauka, shi kuwa a lokacin bai ma nuna alamar ciwo ba.

Gwaje-gwaje sun biyo baya. Masu bincike a birnin Harbin na ƙasar Sin sun nuna cewa kyanwa da feret na kamuwa cikin sauƙi, kare ba sosai ba, alade da kaza da agwagwa kuwa ba su kamu ba. Wani binciken na haɗin gwiwar jami'o'in Wisconsin da Tokyo ya ajiye kyanwa mai cutar tare da mai lafiya a keji ɗaya. Cikin 'yan kwanaki mai lafiyar ta ɗauka, kuma babu wadda ta nuna ciwo a cikinsu.

Wannan sakamako na biyu shi ya fi tayar wa masu gidajen dabbobi hankali. Cutar da ke yawo ba tare da tari ko zazzaɓi ba, a ɗakin da kyanwoyi ke zaune da yawa, ba za a gan ta da ido ba balle a tare ta.

Ga kuma wata damuwar ta daban. A lokacin ne mutane ke ta kwanciya a asibiti suna barin dabbobinsu a gida ba kowa. Dabbar da ta kwana a gado ɗaya da majinyaci ita ce ake ɗaukowa washegari a kai gidan da ke cike da wasu. Saboda haka hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ƙungiyoyin likitocin dabbobi suka ba da shawarar a ware irin wannan dabba na kwana 14 kafin a haɗa ta da sauran ko a ba wani ita.

Abin da alƙaluma suka nuna

Da aka zauna aka auna, sai aka ga haɗarin bai kai yadda aka ji tsoro ba. Masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun gwada jinin dabbobin gidajen da korona ta shiga. Kusan biyu cikin uku na kyanwoyin, da kusan rabin karnukan, sun nuna alamar sun taɓa kamuwa. A dabbobin gidan marasa galihu da aka gwada don kwatantawa, abin bai kai ɗaya cikin goma ba. A kyanwoyin titi ya fi haka ƙanƙanta. Binciken ya kuma nuna kyanwar da ke kwana a gadon mai ita ta fi saurin ɗauka.

A ƙasar Holan ma an gwada kyanwoyi sama da 200 a gidajen dabbobi kusan 30, aka tarar waɗanda suka taɓa kamuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Dalilin a fili yake. Kyanwar gida tana yini tana kwana da mai ita, suna shaƙar iska ɗaya. Ta keji kuwa 'yan mintoci take samu da kowane mutum. Galibin dabbobin da suka kamu da korona kuma sun warke da kansu, wasu ma ba a san sun yi ba.

To me ya sa har yanzu likitoci ba su saki jiki ba? Saboda shigar cuta irin wannan gida ce ke da wuya. Idan ta riga ta shiga, tsayar da ita ya fi wuya.

Cunkoso, fargaba da ƙarancin hannu

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su raunana dabbar da ke wannan gida. Na farko cunkoso. Kejuna na fuskantar juna, iska ɗaya ke zagayawa, kwano da tsumma da tsintsiya ɗaya na iya bin ɗaki guda.

Na biyu fargaba. Kyanwar da aka raba da gidanta aka ajiye inda take jin haushin karnuka dare da rana takan daina ci, ta maƙale a lungu. Wannan tashin hankali na rage ƙarfin garkuwar jiki, har ciwon da ya daɗe a kwance a jikinta ya farka. Likitocin gidajen dabbobi sun san cewa iya daɗewar kyanwa a keji, iya yiwuwar ta kamu da ciwon numfashi. Jikin da ke cikin wannan hali, ko ƙaramar baƙuwar cuta na iya kayar da shi. Ƙananan 'ya'ya da tsofaffi su suka fi shiga haɗari.

Na uku ya shafi mutanen da kansu. Yawancin gidajen da gudummawar jama'a ko ɗan kasafin ƙaramar hukuma suke tafiya. Albashi ba shi da yawa, ma'aikata na yawan barin aiki. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa kowane mai ɗaukar aiki ya biya ma'aikaci ranar da ya kwanta ciwo, sai dai wasu jihohi da birane da suka yi tasu. Wanda zai rasa kuɗin yini idan ya zauna a gida, ga shi ya san dabbobi na jiran abinci, zai sha maganin zazzaɓi ya fito. A nan ne maganar lafiyar dabba ta zama maganar haƙƙin ma'aikaci.

Wadda ake ɗaukowa a takalmi

Akwai wata hanyar da mutum ke kai cuta ba tare da shi ya kamu ba, kuma ita ta fi yin ɓarna a kullum. Cutar farbo mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini, da 'yar'uwarta mai kashe 'yan kyanwa, ba sa kama mutum. Amma ƙwayarsu na iya yin watanni, har shekara, a ƙasa ko a bango tana da rai. Ƙasan takalmi, bakin wando, hannun da bai wanku ba, duk suna ɗaukar ta daga ɗaki zuwa ɗaki. Man goge hannu mai sinadarin barasa, wanda aka saba da shi lokacin korona, ba ya kashe ta. Sai an wanke hannu da sabulu, an kuma wanke wurin da ruwan bilic ko makamancinsa.

Murar karnuka ma haka take. Takan yi kwana biyu a kan kaya, yini guda a tufafi, sa'o'i da dama a hannu.

Murar tsuntsaye ta H5N1 ta ƙara wani babi. A watan Yulin 2023 aka tabbatar da ita a gidajen kyanwoyi biyu a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. A ɗaya daga cikinsu kyanwoyi 38 cikin 40 suka mutu. A ɗayan an gano ƙwayar a cikin abincin ɗanyen naman agwagwa da ake ba su. A jihar Michigan ta Amurka kuma, a 2024, kyanwoyi biyu da ba sa fita waje sun mutu da cutar a gidajen masu aiki a harkar madarar shanu, lokacin da take yawo a garkunan jihar. Ba a gwada mutanen ba, saboda haka ba a yanke hukunci ba, amma zargi ya karkata ga su ko kayan aikin da suke shigowa da su gida.

Idan ta je ta dawo

Masu kula da lafiyar jama'a na da nasu dalilin damuwa. Ƙwayar bairos na sauya kama yayin da take hayayyafa. Idan ta sami taron dabbobi ta yi ta zagayawa a cikinsu, tana iya dawowa ga mutum da sabon hali.

An ga misali a gonakin mink, dabbar da ake kiwo don gashinta. Ma'aikata suka sa wa dabbobin korona a Holan da Denmak, ta bazu a cikinsu, ta sauya, ta koma jikin mutane. A Nuwamban 2020 gwamnatin Denmak ta ba da umarnin kashe duk mink ɗin ƙasar, wajen miliyan 17. Daga baya ta bayyana cewa babu dokar da ta ba ta wannan iko a lokacin, har ministan noma ya sauka. A Amurka kuma cutar ta shiga barewar daji daga mutane, ta ci gaba da yawo a cikinsu.

Gidajen karnuka da kyanwoyi ba su kai gonakin mink cunkoso ba, amma su ma sun taɓa ɗanɗanawa. A Disambar 2016 wata murar tsuntsaye mai suna H7N2 ta bazu a gidajen dabbobin birnin Niyok. Kyanwoyi wajen 500 abin ya shafa, aka killace su na makonni a wani wuri na musamman. Kaɗan ne suka mutu. Likitan dabbobi guda da ya daɗe yana ɗaukar samfuri daga marasa lafiyar ya kamu, ya warke.

A kudancin Tailan ma, a 2021, wata kyanwa da ta ɗauki korona daga masu ita, uba da ɗansa, ta yi wa wata likita atishawa a fuska lokacin da ake ɗaukar samfurinta. Likitar na sanye da takunkumi amma idonta a buɗe yake, kuma ta kamu. Irin wannan ba ya yawan faruwa. Hukumomin lafiya sun yi ta nanata cewa kare da kyanwa ba su taka rawar a zo a gani ba wajen yaɗa korona a tsakanin mutane.

Lokacin da tsoro ya fi cutar kisa

Masu kare haƙƙin dabbobi na ɗari-ɗari da wannan magana gaba ɗayanta, kuma suna da hujja. Sun ga yadda labarin cuta ke juyewa ya zama hukuncin kisa ga dabbar da ita aka cutar.

A Oktoban 2021 jami'ai a lardin Ca Mau na Biyetnam sun kashe karnuka sama da goma na wasu ma'aurata da suka kamu da korona, abin da ya fusata jama'ar ƙasar. A Nuwamban shekarar, ma'aikatan lafiya a birnin Shangrao na Sin sun kashe wani kare a cikin gida bayan an kai mai shi killacewa. A Janairun 2022 Hong Kong ta hallaka ƙananan dabbobi dangin ɓera da ake kira hamsta wajen 2,000, bayan an sami cutar a wani shagon sayar da su. A Birtaniya ma, wani tsohon ƙaramin ministan lafiya, Lord Bethell, ya bayyana a 2023 cewa a farkon annobar an ɗan yi tunanin ko za a nemi jama'a su kashe kyanwoyinsu.

Saboda haka masu gudanar da gidajen dabbobi ke taka-tsantsan da kalamansu. Idan suka yi shiru, ma'aikaci mai mura zai ci gaba da shigowa. Idan suka ɗaga murya, wasu za su ji tsoron ɗaukar dabba, wasu su yar da tasu a titi, gidan ya ƙara cika, cunkoson da ke haifar da ciwon ya ƙaru.

Likitoci masu bincike kuwa suna ganin gwajin da ake yi ya yi kaɗan. Kyanwa mai atishawa a keji, kusan kullum za a ce murar kyanwoyi ce, a ba ta magani a wuce, don gwaji kuɗi ne. Su kuma masu riƙe da asusun gidajen suna cewa ɗan abin da ke hannu gara a kashe shi kan rigakafin cututtukan da aka tabbatar suna kisa kullum. Duk ɓangarorin biyu na da gaskiya. Abin da zai sulhunta su shi ne gwamnati ta ɗauki nauyin gwaji idan ciwo ya ɓulla ta hanyar da ba a saba gani ba, tunda amfanin sanin na kowa ne.

Mu fa a nan?

Gidajen ajiye karnuka da kyanwoyi irin na Turai ba su da yawa a ƙasar Hausa. Kyanwarmu tana yawonta a tsakar gida da kan katanga, kare na gadi ko farauta. Babban abin tsoro a wurinmu har yanzu shi ne ciwon haukan kare, wanda ke kashe dubban mutane kowace shekara a Afirka da Asiya.

Duk da haka darasin ya iso mu, domin muna tara dabbobi a wuri ɗaya ta wasu hanyoyi: gonakin kaji, kasuwannin dabbobi, asibitocin dabbobi, gidajen namun daji, da masu kiwon karnuka da zomaye na sayarwa. A jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a nahiyar Afirka, a Fabrairun 2006, kuma masu kiwon kaji sun koyi da tsada cewa takalmi da kiret ɗin ƙwai da tayar mota na ɗaukar cuta daga gona zuwa gona. Masu bincike na cibiyar nazarin cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato sun kuma gano ƙwayar murar 2009 ta mutane a jikin aladu a Legas, an ga irin haka a Kamaru.

Al'adarmu da addininmu ba su bar mu ba jagora ba. Kowane ɗalibi ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ta hana ta ci. Wanda ya tsare dabba ya ɗauki amanarta, kuma kare ta daga ciwon da ke jikinsa na cikin amanar.

Abin da ke aiki

Matakan da likitoci suka yi ittifaƙi a kansu ba masu tsada ba ne. Mai zazzaɓi ko tari ya zauna a gida har ya warke, kuma a biya shi kwanakin. Idan dole ta sa ya zo, ya sa takunkumi da safar hannu, ya bar ɗakin ƙanana da tsofaffi ga wani. Ma'aikata su riƙa yin allurar rigakafin mura da ta korona. Mai ƙuraje a leɓe ya nisanci zomaye har su bushe.

Dabbar da ta fito daga gidan majinyaci a ware ta, a sa mata ido. Shara da ciyarwa su fara daga ƙanana masu lafiya, su ƙare a ɗakin marasa lafiya, kowane ɗaki da rigarsa da takalminsa da kayan shararsa. A wanke hannu tsakanin dabba da dabba. A daina ba kyanwoyi ɗanyen nama da madarar da ba a dafa ba. A bar iska ta shiga ta fita. Kada a sa wa dabba takunkumi, kada kuma a goge jikinta da sinadarin tsaftace ƙasa, domin wannan cutarwa ce.

Mafi ƙarfin mataki shi ne rage yawan dabbobin da ke cikin ginin da kuma kwanakin da suke yi. A farkon korona an ga haka a aikace, lokacin da jama'a a biranen Amurka suka riƙa karɓar dabbobi riƙo a gidajensu har wasu gidajen suka kusa zama wayam. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin gidajen dabbobi ta Amurka ta fitar a 2010, ta sabunta a 2022, sun tsaya kan cewa kada gida ya karɓi abin da ya fi ƙarfin ma'aikatansa da ɗakunansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta na abinci, lafiyar dabbobi da muhalli sun haɗa kai a kan manufar cewa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli abu ɗaya ce. Manufar ba za ta yi ma'ana ba sai ta sauko daga zauren taro ta isa ƙofar keji. Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan harka rigakafin a hannun mutum yake gaba ɗaya. Hukumomin da ke ba gidajen dabbobi kuɗi su sa hutun jinya mai albashi da kuɗin gwaji a cikin kasafi. Masu ba da gudummawa su tambayi gidan da suke taimaka wa yadda yake yi da ma'aikacin da ya wayi gari da zazzaɓi. Mai mura kuma da ke marmarin zuwa ya ɗauki kyanwa, ya ɗaga tafiyar zuwa mako mai zuwa.